Baba ya ajiye maganin zuciyarsa wai na ɓera ne, Yaya kuma ya dage sai Indiya

Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema akan mahaifinmu. Shekararsa 68, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, dama yana da hawan jini da ciwon suga. Bayan sallah ya fara cewa gabansa na faɗuwa haka kawai, ƙirjinsa na dukan uku-uku, in ya ɗan yi sauri sai haki. Muka kai shi asibiti aka yi ECG, awon bugun zuciya, likita ya rubuta AF a kati yace bugun zuciyarsa ne ya rikice, ya ba shi wafarin da wani na rage gudun zuciya, yace a riƙa zuwa gwajin jini. Sati uku ya sha, sai wani abokinsa a majalisa yace masa ai wannan maganin ɓera ne, shikenan ya ajiye, yanzu Vasoprin yake sha wanda mai kemis ya ba shi wai duk aikinsu ɗaya. Yayanmu kuma ya dage a sayar da fili a kai shi Indiya ko Masar a yi masa aikin da zai warke gaba ɗaya. Katinsa na inshora ya daina aiki tun da ya yi ritaya. Ni dai kaina ya ɗaure, wane likita zamu gani kuma da me zamu fara? Ƙanwarka ce daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma Allah ya ba ki ladan ɗawainiya. Cikin duk abubuwan da kika lissafo guda ɗaya ne ba zai jira ba, shi ne wafarin ɗin nan da ya ajiye, maganin hana jini daskarewa. Maganar Indiya zata iya jiran wata shida, inshora zata iya jiran wata ɗaya, amma wannan a cikin satin nan nake so ku koma gaban likita da shi.

Ga dalili. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, na saman su matsa su tura jini ƙasa, na ƙasan su harba shi cikin jiki, haka take yi sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. A AF wutar da ke ba ɗakunan sama umarni ce take rikicewa, maimakon su matsa sai su riƙa karkarwa kawai, na ƙasan kuma su yi ta bugawa ba tsari, wani bugun kusa da kusa wani da tazara. Abunda Baba yake ji a ƙirji kenan. Toh amma faɗuwar gaban ba ita ce ta fi tsorata mu ba. A jikin ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan lungu, in ɗakin bai matsa da kyau ba jini sai ya kwanta a wurin, kuma kin san kunu in aka zuba ruwan zafi aka bar shi ba a juya ba yanda yake yin gudaji, haka jinin yake yi. Ranar da gudan nan ya ɓalle, yawanci hanyar ƙwaƙwalwa yake bi ya toshe jijiya, sai kawai a wayi gari baki ya karkace ɓarin jiki ya shanye. Mai AF haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wajensa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyar, kuma irin wadda AF ke kawowa tana yawan yin tsanani dan gudan babba ne. Abun haushin kuma ko da ƙirjin ya lafa Baba yace ai ya warke, haɗarin yana nan bai je ko'ina ba.

Ba kowane mai AF ake ɗora wa maganin hana jini daskarewa ba, akwai lissafin maki da muke yi. Hawan jini maki 1, suga maki 1, shekara 65 zuwa 74 maki 1, daga 75 maki 2, wanda ya taɓa samun shanyewar jiki maki 2, gazawar zuciya maki 1. Namiji in ya kai 2 ana ba shi. Daga wasiƙarki kaɗai Baba yana da 3, kinga likitan farko ba ƙage ya yi ba.

Shi kuma abokin Baba na majalisa, ba zan ce ƙarya ya yi ba, kar ma ku je ku ce wa Baba ƙarya ne dan zai bincika ya gano kuma daga nan ya daina yarda da ku. Asalin maganin daga shanu aka gano shi, a Amurka da Kanada wajen shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata ciyawa da ta lalace, masana a jami'ar Wiskonsin suka bi diddigin sinadarin. A 1948 aka fara sayar da wafarin a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba ɗan adam, shekara ɗaya bayan nan shugaban Amurka Eisenhower da kansa aka ba shi lokacin da ya samu bugun zuciya. Shekara 70 kenan ana shan sa a duniya. Bambancin yana wajen awo, ɓera ana cika masa ne har jini ya ɓalle, mutum kuma ana auna masa daidai yanda jinin zai ɗan jinkirta daskarewa, shi ya sa aka ce ku riƙa zuwa gwajin da ake kira INR. Lambar da ake nema tsakanin 2 da 3 ce. Ƙasa da 2 kamar bai sha ba, in ta yi sama sosai kuma zubar jini ake tsoro.

Vasoprin asfirin ne, kuma aikinsu ba ɗaya bane ko kaɗan. Asfirin baya hana irin gudan da ke taruwa a lungun nan yanda ya kamata, ga shi yana iya sa ciki zubar jini musamman ga dattijo, wato ya ɗauki haɗarin bai samu kariyar ba. Masu kemis da yawa da kyakkyawar niyya suke yi amma wannan canjin ba hurumin su bane. Sai dai kuma kar ki koma gida yau ki ɗauko tsohon wafarin ɗin ki ce Baba ci gaba, balle a haɗa shi da Vasoprin. Sake farawa sai da likita, dan a farko gwajin kusa-kusa ake yi, bayan 'yan kwanaki, sannan sati-sati, sai in lambar ta zauna a koma wata-wata.

Likitan da zaku nema shi ne likitan zuciya, kwansaltan, kuma ba sai kun bar Kano ba, akwai su a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a asibitin Murtala, wanda yake kusa da Zariya ga Shika, Sakkwato da Maiduguri da Jos ma asibitocin koyarwarsu suna da su. Ku karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara ganinsa, ku tafi da ainihin takardar ECG ɗin ba hoton waya ba, sannan ki kwashe duk abunda Baba yake sha ki zuba a leda ɗaya da kwalayensu, na hawan jini, na suga, Vasoprin ɗin, har da jiƙon da ke cikin gora a ƙarƙashin gado in akwai, dan tsofaffinmu in aka tambaye su me kuke sha sai su ce wani fari ƙarami da wani ja. Layi akwai shi, a asibitin gwamnati sai an yi haƙuri an yi sammako, in kuna da hali ganin farko ku yi shi a asibitin kuɗi inda likitan zuciya yake zama da yamma dan a yi sauri, daga baya ku koma na gwamnati.

Ni a wajena likitan da ya dace da Baba ba wanda ya fi suna bane, wanda zaku iya komawa wajensa duk wata ne ba tare da an sha wahala ba, wanda in sakamakon INR ya fito yau akwai hanyar da zai gani yau ko gobe ya ce a ƙara ko a rage. Ki tambaye shi kai tsaye, in lambar ta fito 4 ranar Juma'a da yamma wa zamu kira? In ya ba ki amsa mai ma'ana ku riƙe shi. Kuma dan Allah banda yawon likitoci, wannan ya rubuta wancan ya soke, Baba ne zai sha wuya a tsakani.

Gwajin da nake so ki tabbatar an yi shi ne eko, hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura irin ta sikanin masu ciki, a shafa man nan mai sanyi a ƙirji a duba, ba zafi ba allura. Shi zai nuna ƙarfin zuciyar, girman ɗakunan, da lafiyar ƙofofin da ke tsakaninsu. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a ƙasashenmu fiye da Turai, saboda mutanenmu da yawa ciwon maƙogwaro da ba a kula da shi ba tun yarinta ya lalata musu ƙofar zuciya, ta tsuke, ba su sani ba sai girma ya zo. Amsar eko ce zata raba gardama akan wane magani. Akwai sababbi irin su Xarelto da Eliquis da Pradaxa, basa buƙatar gwajin INR, ba ruwansu da miyar da aka ci, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa ya fi ƙaranci da su. In ƙofofin Baba lafiya suke kuma ƙodarsa da sauƙi, tunda yana ƙyamar wafarin, wannan hanya ce mai kyau ki tayar da maganar. Amma in ƙofar ta tsuke, ko ga wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, wafarin ne dole. Wani babban bincike mai suna INVICTUS da aka fitar a 2022, akan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka masu irin wannan lalacewar ƙofa da AF, ya nuna waɗanda suka sha wafarin sun fi tsira da rai akan waɗanda suka sha sinadarin da ke cikin Xarelto. Ba kullum sabo ne ya fi ba kenan. Matsalar sababbin ita ce tsada, kuma aikinsu baya daɗewa a jiki, in aka yi fashin kwana ɗaya biyu kariyar ta tafi. Dan haka ku zauna ku lissafa kuɗin shekara guda ba na wata guda ba, wanda za a sha kullum ba fashi ya fi wanda za a saya wata biyu aljihu ya gaza. Sauran gwaje-gwajen ƙanana ne, na ƙoda, na yawan jini, da na tayirod, halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, dan wani lokacin ita ce take zaburar da zuciyar.

In wafarin aka tsayar, ki sayi ɗan littafi na musamman, kowane layi kwanan wata, lambar INR, da adadin da aka ce ya sha, duk inda za shi da shi za a tafi. Ganye kore irin su alayyahu, kabeji, latas da zogale suna da bitamin K wanda yake rage ƙarfin maganin, amma ba cewa aka yi ya daina ci ba, kar Hajiya ta hana shi miyar ganye, abunda ake so kar a yi wata guda bai ci ba sannan a zo a yi sati ana kwaɗon zogale safe da yamma. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne magungunan kemis. Flagyl da Septrin suna harba INR sama sosai, ga su kuma da zarar ciki ya ɗan murɗa su ake miƙowa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da haɗin nan da ake ƙullawa a leda na gajiya, duk ya bar su, in ciwo ya dame shi farasitamol ya isa. Maganin gargajiya ba wanda ya san yanda zai yi da wafarin a cikin jini, kar a haɗa. Ƙaho da tsaga wajen wanzami a dakata, cire haƙori ma sai an gaya wa likitan haƙorin tukunna. In ya manta bai sha ba kar ya ninka washegari. In kuka ga haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 10, jini a fitsari, bayan gida baƙi ƙirin, ko ya faɗi ya bugu a kai ko da yace ba komai, asibiti a ranar.

Baki faɗa min ko ɗaya maganin na rage gudun zuciya yana shan sa ba, ina zargin tare ya ajiye su. Irin su Concor da Lanoxin aikinsu su ja wa zuciyar birki, su ne suke rage hakin da faɗuwar gaban, amma basa hana gudan jini, kowanne da aikinsa. Ki koyi duba bugun da kanki, yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, yana zaune ya huta, ki ƙirga minti ɗaya cif da agogo dan na'urar awon jini ta gida tana ruɗewa in bugun ba tsari. Galibi ana so ya zama ƙasa da 110 a hutu. In ya sauka ƙasa da 50 yana jiri ku kira likita.

Yanzu maganar Yaya. Na san son Baba ne ya sa, kuma aikin da yake nufi gaskiya ne akwai shi, ana zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya a ƙona ko a daskarar da wuraren da wutar take rikicewa, a bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu. Likitan wutar zuciya ne yake yi, wuraren da ake yi a Najeriya kaɗan ne shi ya sa ake fita. Yana taimakawa sosai ga wanda ciwon ke zuwa yana tafiya, ɗakin zuciyarsa bai buɗe da yawa ba, magani kuma ya kasa ba shi sauƙi. Amma ba a yi wa kowa, ciwon yana iya dawowa har a sake aikin, sannan abunda Yaya bai sani ba, mai maki 3 irin Baba ko an yi aikin an dace yawanci ana cewa ya ci gaba da shan maganin jinin. Wato a sayar da fili a je a dawo, maganin da ake gudu yana nan yana jira. Kafin ma a taɓa shi, ko aikin ne ko ɗan jan wutar nan da ake yi a ƙirji dan dawo da bugun daidai, sai ya yi aƙalla sati uku yana shan maganin. Ku bar filin nan tukunna. A yi eko, a sha magani wata uku a ga yanda jiki zai yi, in likitan zuciya da kansa yace Baba ya dace da aikin sai a yi maganar da hujja. Masu dillancin asibitocin waje da ke talla a WhatsApp kuwa, kamashonsu suke nema, basu taɓa cewa mutum bai buƙatar tafiya ba.

Inshora kuma kar ku yi wasa da ita tunda ciwon na zama ne. Hukumar da aka sani da NHIS ta koma NHIA tun dokar 2022, kuma suna da tsarin da ake kira GIFSHIP na waɗanda basa cikin ma'aikata, har da 'yan fansho, mutum ya biya na shekara ya shiga. Kano ma tana da tata hukumar KSCHMA, Kaduna KADCHMA. Ki je ofis da ƙafarki ki tambaya, ki yi da wuri dan kati baya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira. In ke ko Yaya ma'aikata ne, katinku mata ko miji da yara huɗu 'yan ƙasa da 18 yake ɗauka, iyaye basa ciki sai dai ku tambayi tsarin ƙara mutum da ƙarin kuɗi. Wajen zaɓen asibiti ku zaɓi wanda ke da likitan zuciya ko wanda yake turawa ba ja-in-ja, saboda ganin kwansaltan da eko duk sai HMO, wato kamfanin da ke kula da katin inshorar, ta ba da lambar izini, kuma nan ne ake shanya mutane a benci tun safe har azahar, ki riƙa nema tun ana saura kwana biyu. Ki sa su nuna miki a rubuce ko INR da eko suna ciki, da kuma wane maganin jini ne a jerin su, dan tsofaffin magunguna sun fi samuwa a ciki, masu tsadar sau da yawa daga aljihu ne. In na kamfani mai zaman kansa zaku saya ki karanta abunda suka ce game da ciwon da mutum ya shigo da shi da kuma iyakar shekaru. Fita waje kam kar ku sa rai zasu biya.

Sauran a taƙaice, hawan jinin da sugan a riƙe su da kyau dan su ne suke ciyar da ciwon, a rage gishiri da magi da kanwa, ya ci gaba da takawa masallaci da ƙafa kar ku mayar da shi majinyacin ɗaki. Ki tambayi Hajiya a asirce ko yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, in haka ne a gaya wa likita, yana da alaƙa da AF sosai. Azumi kuma ku je wajen likita tun watan Sha'aban a tsara lokutan magani, ga suga ma a gefe.

Kowa a gidan har jikoki ya san wannan, in bakin Baba ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya dawo daidai, ba a jira gari ya waye, ba a ɗura masa ruwa ko asfirin, a duba agogo a riƙe lokacin da abun ya fara a nufi babban asibitin da ke da sikanin kai, addu'a a yi ta a cikin mota. Haka ma ciwon ƙirji, suma, ko hakin da ya hana shi kwanciya.

Shi Baba kuma kar ku taru ku yi masa ca kamar yaro, dattijo in ya ji ana masa dole sai ya ƙara kafewa. Ki samu Yaya ku fara daidaita bakinku ku biyu, ki ba shi wannan ya karanta, sannan shi ya ɗauki Baba ya kai shi wajen likitan tunda maganarsa tana da nauyi a gidan, a bar Baba ya yi tambayar maganin ɓeran da bakinsa a ba shi amsa a gabanku. In aka yi ekon ki rubuto min abunda ya nuna game da ƙofofin da kuma maganin da aka tsayar.